Kwat Mai Jela: Daga Kan Sirdi Zuwa Zauren Sarakuna

Duk shekara, ranar 10 ga Disamba, idan aka zo miƙa kyautar Nobel a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin, za ka ga maza sun jeru reras cikin wata baƙar kwat da ba ta yi kama da sauran kwat-kwat ba. Gabanta gajere ne, iyakarsa ƙugu. Bayanta kuwa ya zubo gida biyu har bayan gwiwa. Tana da maɓallai shida a gaba, uku dama uku hagu, amma ko ɗaya ba ya shiga rami, domin tun wajen yanka ba a bar mata yadin da zai sa ta rufu ba. Turawan Ingila da jelar nan suka sa mata suna, wasunsu ma sukan ce jelar tsattsewa. Faransawa sun kwatanta ta da jelar wani tsuntsunsu mai baƙi da fari, Jamusawa kuma suna ce mata Frack. Mu a nan sai mu kira ta kwat mai jela.

Wanda ya tashi yana ganin babbar riga zai yi mamakin a ce wannan ce ƙololuwar adon namiji a Turai. Babbar riga da yalwar yadi take taƙama, da aikin allura a ƙirji, aska biyu ko aska takwas, wanda ana hango shi daga nesa. Ita wannan ba zare ɗaya mai launi a jikinta. Abin da ya ja hankalina gare ta shi ne wannan rashin rufuwar. Rigar da ake ɓalla wa maɓalli, maɓallin kan rufa wa tela asiri, ya jawo abin da ya yi sako-sako ya matse shi. Wadda ba ta rufuwa kuwa babu abin da ke riƙe ta a jikin mutum sai gwanintar wanda ya yanka ta da wanda ya ɗinka. In an yi kuskuren rabin inci, duk zauren zai gani.

Asalinta daga kan doki ne. A farkon ƙarni na 18 manyan Turai doguwar riga suke sawa, mai kaiwa gwiwa, mai faɗin gindi, ta siliki ko karan-miski, an cika ta da surfani na zaren zinariya. Fadar sarkin Faransa a Versailles ita ke tsara wa kowa yayi. Amma masu filaye na Ingila ba mazauna fada ba ne. Yawancin shekara suna ƙauye, suna kewaya gonaki, suna farautar dila da karnuka cikin ruwan sama da taɓo. Siliki ba ya wannan aikin. Sai suka koma ga riga ta yadin ulu mai kauri, marar ado. Ita ma da suka hau sirdi sai gabanta ya riƙa taruwa a kan cinya yana sarƙe gwiwa. Teloli suka fara rage gaban, suna janye shi baya kaɗan-kaɗan, suka tsaga bayan tun daga ƙugu domin ɓari ɗaya ya sauka dama da sirdi, ɗaya hagu. Kafin ƙarnin ya ƙare yankan ya rabu biyu. Wani telan yakan zagayo da almakashi a hankali daga ƙirji zuwa bayan cinya. Wani kuma yakan datse gaban a miƙe daidai ƙugu, sannan ya gangara. Na farkon shi ne kakan rigar safe da ake zuwa ɗaurin aure da ita a yau, na biyun shi ne kakan rigar dare. Hatta maɓallan nan biyu da ke bayan ƙugu, waɗanda yanzu ba sa aikin komai, ana danganta su da zamanin hawa, lokacin da akan naɗe gefen riga a maƙala shi a baya.

Daga nan siyasa ta shigo. A shekarun 1780 samarin Faris sun kamu da son duk abin da ya fito daga Ingila, dawakinta da sukuwarta da suturarta. A Jamus kuma littafin Goethe na 1774, labarin saurayi Werther, ya sa matasa suka rungumi shuɗiyar kwat da rawayar falmaran irin na jarumin littafin. Da aka kira babban taron wakilan ƙasa a Versailles cikin watan Mayu na 1789, an umarci wakilan talakawa su zo cikin baƙaƙen kaya marasa ado, su kuwa 'ya'yan sarauta suka shigo da zinariya da gashin tsuntsu a hula. An yi haka don a nuna wa kowa matsayinsa. Cikin 'yan shekaru juyin juya hali ya kifar da lissafin, har ya zamana fita titi cikin siliki da surfani kasada ce da rai. Rigar ulu marar ado ta zama ta mai hankali.

Mutumin da ya mayar da wannan sauƙin ya zama ilimi shi ne George Brummell, wanda aka fi sani da Beau Brummell. An haife shi a Landan a 1778. Ba ɗan sarauta ba ne, amma ya yi karatu a Eton, ya shiga rundunar sojan doki ta Yarima George mai jiran gado, suka ƙulla abota. Shigarsa ta rana ba ta sauyawa: shuɗiyar kwat mai jela da maɓallan tagulla, falmaran mai haske, wando mai kama jiki, takalmin hawa baƙi wul, da farin ƙyalle mai sitaci a wuya wanda yakan ɓata lokaci mai tsawo yana ɗaurawa. Ya yi wanka kullum a zamanin da turare ke maye gurbin ruwa. Abin da ya koya wa masu kuɗin Landan shi ne su daina tambayar nawa aka kashe a kan riga, su fara duba yadda ta zauna a kafaɗa. Telolinsa, irin su Weston da Meyer da Schweitzer, sun yi suna ta dalilinsa. Ƙarshensa bai yi kyau ba. Ya ɓata da Yarima, bashin caca ya yi masa katutu, ya tsere zuwa Calais a 1816, ya mutu a Caen a 1840 cikin talauci da taɓin hankali. Amma ma'aunin da ya kafa bai bi shi kabari ba.

A nan dole a tsaya a kan yadin, domin ba don shi ba da babu labarin. Siliki ba ya jin magana. Yadda aka saƙa shi haka zai zauna. Ulu kuwa yana da wata ɗabi'a: in ya sha ruwa da zafi yakan tsuke inda aka tara shi, ya miƙe inda aka ja shi, in ya huce kuma ya riƙe siffar da aka ba shi. Masaƙun yammacin Ingila, wajen Stroud da kewaye, sukan saƙa yadin da faɗi sosai, sannan a jiƙa shi a yi ta bugu da manyan guduma na katako da ruwan kogi ke juyawa, har ya tsuke, zaren ya cuɗe da juna. Sai a taje fuskarsa da busasshen kan wani tsiro mai ƙaya, a aske gashin da ya taso, a danne. Wanda ya taɓa tsayawa a gidan bugu ya ga yadda ake fito da ƙyallin shuni a jikin riga zai gane irin wahalar. Yadin da ke fitowa daga wannan aiki yakan yi ƙarfin da ko an yanka shi ba ya zarewa. Shi ya sa kwat-kwat na zamanin Brummell da yawa ba su da kalmasa a baki. Yadda almakashi ya bi, haka aka bar shi, kaifi kamar bakin takarda.

Da irin wannan yadi a hannu, dutsen guga ya zama abin sassaƙa. Dutsen telan Landan na da nauyi, yakan kai kilo bakwai, a murhu ake gasa shi. Tela zai ɗauki ƙyalle shimfiɗaɗɗe, ya yayyafa ruwa, ya tara shi ta nan ya danne har tattarar ta ɓace, ya ja shi ta can har ya yi tsawo, sai ga wuri ya yi kumburi daidai inda allon kafaɗa zai zauna, ga wani ya lotsa daidai kwarin baya. Ba a ƙara ɗinki ba, ba a rage yadi ba. Wannan aikin ba ya bayyana a takardar yanka. A hannu yake, daga maigida zuwa yaron shago.

Wajen 1820 abubuwa biyu suka ƙara sauya sana'ar. Kafin lokacin, tela da tsinken takarda yake awo, yana yi masa 'yan tsage-tsage da almakashi, kowane tela da alamominsa da shi kaɗai ya san fassararsu. Da tef mai inci ya bazu, sai aka fara rubuta ƙa'idojin yanka da lissafi, ana buga su cikin littattafai. Abu na biyu shi ne ɗinkin ƙugu. A da gaban riga da jelarta ƙyalle ɗaya ne. Da aka raba su, aka yanka jela daban aka haɗa ta da gangar jiki a ƙugu, sai tela ya samu damar matse tsakiya ba tare da yadin ya yi tattara ba. Daga baya aka ƙara wani ƙyalle siriri a kowane gefen baya, mai lanƙwasa, wanda ke tasowa daga ƙugu ya bi ta kan allon kafaɗa ya shige hammata. Samarin shekarun 1820 da 1830 sun wuce gona da iri da wannan dama: aka cusa auduga a ƙirji, aka kumbura kan hannu, aka ɗaga kwala har tana shafar ƙeya, wasu har da ɗaure ciki don ƙugu ya yi siriri. Yayin ya wuce, tsarin ƙyallayen ya zauna. Har gobe da shi ake yanka ta.

Launi ma ya tsaya wuri ɗaya. Shuɗi, kore, ruwan ƙasa, duk an sa su da dare a farkon ƙarni na 19. Ana yawan ambaton littafin Pelham na Edward Bulwer-Lytton, wanda ya fito a 1828, cikin abubuwan da suka ɗaukaka baƙi, kuma zuwa tsakiyar ƙarnin baƙin ya kori sauran. Samun baƙi na gaske a jikin ulu ba ƙaramin aiki ba ne a wancan zamani. Da itacen rini da ake saro wa daga gaɓar Campeche ta ƙasar Meziko da Belize ta Amurka ta Tsakiya ake yi, kuma yadi mai daraja sai an fara tsoma shi a baba ya yi shuɗi kafin a hau shi da baƙi, don launin ya yi zurfi. Duk da haka tsohon baƙi yakan juya. In ka fitar da rigar da ta shekara ɗari zuwa hasken rana, sau da yawa za ka ga kafaɗunta sun koma kore-kore.

A zamanin Sarauniya Victoria aka raba wa kowace riga lokacinta. Da rana mai mutunci yakan sa doguwar kwat mai rufe cinya ko'ina, irin wadda ake dangantawa da mijinta Yarima Albert. Mai datsattsen gaba ta koma ta dare zalla: cin abinci, gidan wasan kwaikwayo, rawa. Tun da ba hawa za a yi da ita ba, ba kuma sanyin waje za ta tare ba, sai aka daina rufe ta, teloli suka riƙa rage gaban har rufuwar ta gagara, don farin ƙirjin taguwa da falmaran su fito. A 1865 shagon Henry Poole da ke titin Savile Row ya ɗinka wa Yarima mai jiran gado, wanda ya zama Sarki Edward na Bakwai, wata gajeriyar riga marar jela ta cin abinci a gida. A 1886 irinta ta bayyana a Tuxedo Park kusa da New York, inda ta samo sunan da Amurkawa ke kiranta da shi. Ba wanda ya ɗauke ta kishiya a lokacin, amma ita ce daga baya ta karɓe gidan.

Akwai abin da bai kamata a tsallake ba. Wannan kyan da ake yabo, ba a cikin shagon mai madubi da kafet ake samar da shi ba. A shagon mai yanka ne kawai ke ganawa da mai kaya. Ɗinkin kansa a ɗakunan Soho da gabashin Landan ake yinsa, inda maza ke harɗe ƙafa a kan tebur kusa da taga, mata kuma na yin ramukan maɓalli da kalmasa, ana biyan su bisa yawan abin da suka gama. A 1849 ɗan jarida Henry Mayhew ya bi irin waɗannan ɗakuna ya rubuta wa jaridar Morning Chronicle halin da teloli ke ciki: cunkoso, yunwa, da 'yan tsakiya masu karɓar aiki su raba shi a kan kuɗi ƙalilan. Duk wanda zai yaba wa tsohuwar riga, ya tuna da idon da ya dushe a kanta.

Yawancin masana sana'ar sun yarda cewa rigar ta kai ƙarshen kyanta tsakanin yaƙin duniya na farko da na biyu. To, mu ɗauki ɗaya ta shekarun 1930 mu shimfiɗa a tebur. Abin da hannu zai fara gaya maka shi ne nauyi. Yadin yakan kai gram 500 zuwa 600 a kowace mita, baƙi marar ƙyalli, ko shuɗi mai duhu ƙwarai irin wanda Yarima Edward na lokacin, wanda ya zama Sarki Edward na Takwas, ya yayata, bisa hujjar cewa a ƙarƙashin fitilar lantarki ya fi baƙin kansa baƙi. Kunnuwan ƙirji faffaɗa ne, bakinsu ya nuna sama, an lulluɓe su da siliki mai 'yan layuka ko mai santsi. Ɗaga kunne ɗaya ka dubi bayansa. Za ka ga ɗaruruwan 'yan ɗige-ɗige, kamar sawun tururuwa a kan rairayi. Kowane ɗigo allura ce ta ratsa ta kama zare ɗaya ko biyu na yadin, ta haɗa shi da shimfiɗar da ke ciki, wadda aka saƙa da lilin da izgar doki. Yayin da tela ke wannan ɗinki, a kan yatsunsa yake naɗe ƙyallen, saboda haka lanƙwasar ta shiga cikin ɗinkin kanta. Shi ya sa kunnen ba ya kwanciya kamar an danne shi da guga. Tasowa yake daga ƙirji ya juya a hankali, bakinsa kuma ya koma ya rungumi jiki. Ko ka murɗe shi, kana saki zai koma.

Juya ta baya. Ɗinki ɗaya ya sauko ta tsakiya, biyu masu lanƙwasa sun taso daga ƙugu, duk sun haɗu a wajen maɓallan nan biyu, waɗanda tazararsu ba ta fi faɗin tafin hannu ba. Daga ƙarƙashin kowane maɓalli wani naɗi ya gangara har ƙasan jela. Zura hannu ta cikin shafi a nan, sai ka ji aljihu mai zurfi. Nan ake ajiye farar safar hannu, domin rigar ba ta da aljihun gefe da zai kumbura ya ɓata layin ƙugu. Ita jelar ba a miƙe take kamar allo ba. An tsuke samanta da guga, an ba ta ciki, ta yadda za ta zagaye mazaunai ta sauka tana bin cinya, ɓari ɗaya ya ɗan hau kan ɗaya ko da mutum na tafiya. Jelar da ta wage ta bar wando a fili shaida ce cewa an yanka ta don wani jikin daban.

Sai hammata, inda asirin yake. Ramin ƙarami ne ƙwarai, ya hau sama har yana taɓa jiki. Wanda bai sani ba zai ce zai takura. Akasin haka ne. In ramin ya yi ƙasa, da zarar ka ɗaga hannu sai ka ɗaga rigar gaba ɗaya, kwala ta bar wuya, gaba ya buɗe. In ya hau sama, hannu kaɗai ke motsi, gangar jiki na nan daram. Kan hannun rigar kuma ya fi ramin faɗi da inci biyu ko fiye, sai tela ya bi da allura yana shigar da rarar kaɗan-kaɗan, ya tsuke ta da guga har ba a ganin tattara. Keke ba ya iya wannan yadda hannu ke yi. Fred Astaire, ɗan rawar Amurka wanda fim ɗinsa Top Hat na 1935 ya sa duniya ta san wannan shiga, yana cikin masu ɗinki a shagon Anderson & Sheppard na Landan. Ana ba da labarin cewa in ya je gwaji yakan sa a naɗe kafet, ya yi tsalle ya juya, sannan ya tsaya cak gaban madubi ya duba ko kwalar ta rabu da wuyansa.

Rigar ba ita kaɗai take aiki ba, kuma nan ne mutanen yau suka fi tuntuɓe. Wandonta yana hawa har saman cibiya, kusa da haƙarƙari, bayansa ya fi gabansa tsawo, an tsaga shi kamar jelar kifi, igiyoyin kafaɗa ke riƙe da shi, ba bel ba. Layi biyu na siliki sun gangara ta gefen ƙafa, gadon kakin soja. Wandon gajeriyar rigar dare layi ɗaya gare shi. Farar falmaran ta auduga mai saƙar ido-ido tana rufe bakin wandon, ita kuma kwat tana rufe gefen falmaran. Ƙa'idar ita ce kada fari ya leƙo ta ƙarƙashin baƙin gaban kwat. In ukun nan suka haɗu a wuri ɗaya, ƙafa takan yi tsawo, ƙirji ya yi faɗi, gajere ma ya yi kwarjini. Taguwar ciki mai ƙirji ne da aka sha da sitaci har ya yi kamar kwali, kwalarta daban ake maƙala ta, sai farin ɗaurin wuya mai siffar malam-buɗe-littafi. Da yake masu hidimar tebur a manyan gidaje da otal-otal su ma kwat mai jela suke sawa, sai aka bambanta su da baƙin ɗaurin wuya ko maɓallan ƙarfe. Da ɗan ƙyallen da bai kai tafin hannu ba ake gane mai gida da bara.

Yaƙi ne ya karya kwat mai jela. Tun kafin yaƙin ma, a 1936, Sarki Edward na Takwas ya soke doguwar kwat ta zamanin Sarauniya Victoria daga kayan fada, rigar safe mai zagayayyen gaba ta gaje ta. Shekara biyar bayan haka, a watan Yuni na 1941, gwamnatin Birtaniya ta sa tufafi cikin kayan da ake rabawa da kati. Kowane mutum maki 66 ne rabonsa a shekarar farko, kwat ɗaya kuma tana cin 13. Ba a ɗage dokar ba sai 1949. Wa zai ɓatar da rabonsa a kan rigar rawa? Samarin shaguna sun tafi fagen daga, da yawa ba su dawo kan tebur ba. Hoton da ya fi tsaya mini a rai daga wannan zamani na ranar 2 ga Satumba 1945 ne, a kan jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Missouri: ministan harkokin wajen Japan, Shigemitsu Mamoru, yana dogara sanda saboda ƙafar katako, cikin rigar safe mai jela da doguwar hula, ya zo sa hannu a takardar miƙa wuya a tsakiyar hafsoshi masu kaki, waɗansu ko ɗaurin wuya babu. Japan ta karɓi kayan Turai a matsayin na hukuma tun 1872, kuma har yau ministocinta da rigar safe suke zuwa gaban Sarki ranar naɗi.

Bayan yaƙi gajeriyar rigar dare ta zama ita ce ta kowa, mai jela ta koma ta ranaku ƙidayayyu. Wanda zai sa riga sau ɗaya a shekara goma ba zai ɗinka ba, haya zai yi. Shagon Moss Bros na Landan ya fara ba da hayar kaya tun 1897, kasuwar kuma ta bunƙasa. Rigar haya dole ta shiga jikin mutum ɗari, don haka aka faɗaɗa hammata aka saukar da ita, aka daidaita baya ya zama shimfiɗaɗɗe, aka tsawaita gaba. Masana'antu kuma suka samo shimfiɗar ciki mai danƙo, irin wadda telolinmu ke kira gam, wadda injin zafi ke mannawa cikin daƙiƙoƙi a maimakon ɗinkin yini guda. Gam yana da amfaninsa, ban raina shi ba. Shi ya sa mai ƙaramin ƙarfi ya iya sayen kwat. Sai dai ƙirjin da aka manna ba ya lanƙwasa, ba ya numfashi, in ya sha wanki da zafi kuma yakan saki ya yi ƙuraje. Yadi ya koma gram 300 ko ƙasa, saboda zaurukan yanzu da ɗumi, shafi ya tashi daga siliki ya koma na roba. Yadi marar nauyi ba ya karɓar aikin guga sosai, jelarsa kuma ba ta da nauyin da zai sa ta sauka ta nutsu. Araha ba ta ado.

Babbar ɓarnar dai daga wando ta zo. Tun daga shekarun 1960 wandon maza ke sauka, har ya koma zama a kan kwankwaso. In wando ya sauka, dole falmaran ta yi tsawo don ta rufe shi, in ta yi tsawo kuma sai ta zubo ta ƙarƙashin kwat. A watan Yuni na 2019, da shugaban Amurka Donald Trump ya halarci liyafar Sarauniya Elizabeth a fadar Buckingham, jaridu sun yi ta magana a kan yadda farar falmaran ɗinsa ta zarce gaban kwat da tazara mai yawa. Ba shi kaɗai ba ne. Duba hotunan kowane irin taro na yanzu za ka ga haka jingim. A ganina laifin na masu sayar da kaya ne da ke haɗa riga daga nan, wando daga can, ba tare da wani ya tsaya ya auna ukun tare ba.

Duk da haka sana'ar ba ta mutu ba. Ƙungiyar telolin Savile Row ta sharɗanta cewa kayan da za su amsa sunan ɗinkin titin sai sun ci aƙalla awa 50 na aikin hannu, kuma mai jela ta fi kwat ta yau da kullum cin lokaci da yawan gwaji. A gwajin farko da farin zare ake harhaɗa ta, ba shafi, mai yanka ya bi ta da alli yana zane a jikin mai ita, sannan a warware ta gaba ɗaya a sake. Masu iya ɗinka irin wannan riga mai ɗinkin ƙugu 'yan kaɗan ne ko a can, shaguna kan yi layi a wajensu. Masu gasar rawa sun ɓullo da tasu: da hannu a ɗage ake yanka ta, tun da haka za su tsaya a fili, yadinta mai talewa ne, ana kuma ɗaure ta da wando ta ciki. Tana da kyau a fagen rawa, amma in mai ita ya sauke hannu sai kafaɗa ta tattare. Ana sa ta asali a liyafar Nobel, da babbar rawar gidan opera na Vienna, da bikin ba da digirin dakta a Finland, inda ake haɗa ta da hula da takobi. Rigar safe kuma tana nan a sukuwar Royal Ascot da ɗaurin auren manya.

Katin gayyatar irin waɗannan wurare yakan ba da zaɓi: kwat mai jela ko kayan ƙasar mutum. Ta wannan ƙofa marubucin Japan Kawabata ya karɓi Nobel cikin kimono a 1968, García Márquez ya zo da fararen kayan yankinsu na Karibiyan a 1982, Wole Soyinka ya zo da kayan gida a 1986. Shehu Shagari ma da babbar rigarsa da hularsa ya kai ziyara wajen Sarauniya a 1981. Ma'anar wannan zaɓi ita ce rigarmu da tasu matsayinsu ɗaya a zaure, ba mai ranƙwafa wa wata.

Roƙona ga telolinmu ne, musamman matasa masu koyon ɗinkin kwat. Tsofaffin kayan Turai suna shigowa cikin dilolin gwanjo, kuma jefi-jefi akan tsinci irin wannan riga a ciki, an yar da ita gefe don ba mai saye. In ta faɗo hannunka, kada ka yi saurin datse jelar. Saye ta, ka kai shago, ka farke shafin ɓari ɗaya a hankali ka bar ɗayan yadda yake. Dubi yadda aka jera ɗinkin ƙirji, ka auna ramin hammata ka gwada da naka, ka shimfiɗa ƙyallen baya a tebur ka ga yadda ya ƙi kwanciya. Kafin ka fara, leƙa cikin aljihun ƙirji ko na jela. A da teloli sukan liƙa ɗan farin ƙyalle a wurin, da sunan shagon, da sunan mai rigar, da ranar da aka gama ta, an rubuta da tawada.